A RAGE SHIRGI A GIDA

Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, mu ma'aikata, watau malaman makaranta da malaman ofis, wadda ya kamata mu tsaya mu duba ta sosai. Ɗabi'ar kuwa ita ce tara shirgi. In ka shiga ɗakin malami a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, sau da yawa da ƙyar za ka sami inda za ka shimfiɗa buzu. Ga littattafan aikin yara da aka gyara tun shekara goma, ga rediyo uku babu mai magana ko ɗaya, ga tayar keke, ga fitilar da ta rasa kwalba, ga takardun ofis an ɗaure da igiya gara na ci. In ka tambayi mai ɗakin amfaninsu sai ya ce, "A bar su dai, sa yi rana."

Ranar nan ba ta zuwa. Wadda ke zuwa ita ce ranar da za a ce kowane ma'aikaci ya kawo takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma don a tantance shi, ko don a shirya masa fansho. Sa'an nan ne za ka ga dattijo ya birkice ɗaki, gumi na zuba, yana daka wa yara tsawa, yana zargin uwargida da abin da ba ta san hawa ba balle sauka. Takarda guda mai amfani ta nutse cikin dubu marasa amfani. Kowane kaya da mutum ya ajiye yana da hakki a kansa: a kakkaɓe shi, a tsare shi daga ɓera da yoyon damina, a riƙa tunawa da shi. In kayan suka fi ƙarfin mai su, hankalinsa ba ya kwanciya, ko da bai gane dalili ba.

Kada wani ya ce wannan maganar 'yan boko ce. Ƙasarmu ta ga abin da ajiya a cikin gida ke jawowa. A cikin 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a ƙauyuka irin su Dareta da Abare na Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce. Zinariya ta yi tsada, mutane suka riƙa ɗauko duwatsun da aka haƙo suna jibge buhunansu a ɗaki, suna daka su a turmi, suna niƙa su a inji, suna shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun kuwa cike su ke da dalma. Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun ƙidaya a ƙauyuka biyu: cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun rasu a shekara guda, kuma kashi biyu cikin uku na gidajen suna wannan aiki ne a cikin gida. Jimlar yaran da aka rasa ta kai wajen 400. Allah ya jiƙansu.

Abin lura shi ne yadda aka yi maganin abin. Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da wani amfani in yaro zai koma gidan da ya kwaso ta. Sai da aka fara fid da buhunan, aka kankare ƙasar tsakar gida aka kai bayan gari aka binne, aka zuba sabuwa. Bagega ta daɗe tana jiran kuɗin wannan aiki, sai da aka shiga 2013 kafin a share ta, yaranta su sami magani. Ba mu ce tsohuwar rediyo dalma ce ba. Amma tsohon batirin mota da wani ya ajiye a zaure, dalma ce a cikinsa, haka ma galan ɗin maganin feshi da ke kusa da buhun gero yana da tasa gubar.

Akwai masu cewa talaka ba ya zub da kaya, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda ya san wuyar kwabo ba ya jefar da abin da zai gyaru. To, a gyara shi a wannan wata. In ba za a gyara ba, 'yan gwangwan suna sayen ƙarfe, kuma rigar da ta yi shekara biyar a adaka akwai almajirin da ke kwana da sanyi.

Sai dai mu ja kunnen 'yan'uwanmu maza game da kayan jere. Kwanuka da langa da fanteka da ke ɗakin mace dukiyarta ce, ita ce ajiyarta ta ranar wuya, miji ba shi da ikon taɓa ko murfi. Wanda ya karanta wannan ya tafi ya fara da ɗakin matarsa bai fahimce mu ba. Ya fara da turakarsa. Inda mu ke da ta cewa shi ne ranar aurar da 'ya'yanmu, lokacin da uba ke cin bashin da zai shekara biyu yana biya don a cika bango da kwanukan da ba za a taɓa zuba musu tuwo ba.

Zamanin En'e duba-gari ya kan shiga gida ya buɗe randa, ya leƙa bayan ɗaki. Yau ba mai zagawa kamar da, sai mu zama duba-garin kanmu. Ga shi kuma 'yan bindiga sun kori dangi da yawa daga ƙauyuka sun taho gari, alhali a gidajenmu akwai ɗakin da ba kowa ke kwana ciki ba sai kwalaye. Takardun ofis a mai da su ofis. Na aiki, da na gona, da na haihuwar yara a haɗa su cikin gwangwani guda mai murfi, a ɗauki hotonsu da waya, a kuma nuna wa uwargida da babban ɗa inda gwangwanin ya ke.