Gyaran Wasan Kwamfuta Ba Shiririta Ba Ne

Jama'a da dama sun ɗauki gyaran wasan kwamfuta a matsayin shiririta. Ni kuwa a ganina makaranta ce. Mu ɗauka ɗalibi ya buɗe manhajar gyaran wasa, yana son gina tashar jirgin ƙasa ta Idu da ke Abuja, wadda layinta zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. Ajiye benci ɗaya ma sai ya sa shi gumi. Dalili kuwa, fuskar kwamfuta shimfiɗaɗɗiya ce, alhali duniyar wasan tana da tsawo da faɗi da zurfi. Sai ka ga benci ya zauna daram, kana juya kyamara ka tarar yana lilo a iska, ko rabinsa ya nutse a ƙasa. Dole ka koma kan lambobin X da Y da Z, kana aunawa kamar magini.

To, wannan awon shi ne ilimin. Ai ɗalibai biyu ne suka gyara Half-Life a 1999, aka sami Counter-Strike.

'Yan'uwana ɗalibai, in ba mu jure ba, wa zai sa mana Idu a taswirar wasansa? Mai haƙuri shi kan dafa dutse.