Badagry: Garin Kwakwa da Sarƙoƙi

Mutanen Ikko, in hayaniyar birni ta ishe su, sukan nufi yamma zuwa Badagry, wani ɗan gari na Egun da Awori da ke kusa da iyakar Seme. Abin da ke jan su ba ɓoyayye ba ne: farin rairayi, da inuwar itatuwan kwakwa iyakar ganin ido, da gasasshen kifi, da dawakin haya masu zagayawa da yara a bakin teku.

Garin kansa ba a gaɓar tekun yake ba. Wani shimfiɗaɗɗen ruwa ne ya raba su, saboda haka baƙo zai shiga kwalekwale ya haye zuwa tsibirin Gberefu, sa'an nan ya taka da ƙafa har inda igiyar ruwa ke karyewa. To, a nan ne ya kamata mai yawon buɗe ido ya rage sauri. Wannan turba da yake bi da ruwan kwakwa a hannu, ita ce aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a komowa. Sarƙoƙin da aka ɗaure su da su suna nan ajiye a gidajen tarihi na garin. Wanda ya ɗaga guda ɗaya ya ji nauyinta, da wuya ya koma kallon rairayin nan da idon da ya zo da shi. Abin takaici, da yawa sukan wuce kai tsaye wajen kiɗa, ba su ko leƙa ba.

Akwai kuma gidan bene da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a ƙasar nan, ko da yake magina na Kano da Zariya suna da ta cewa. Daga Badagry ɗin ne Baturen nan Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827.

Da rani aka fi jin daɗin zuwa. Amma tekun nan ba tafki ba ne. Yana da ja ta ƙarƙashi, kuma iya iyo a kogi ba ya fid da mutum a cikinsa. In masunta sun ce kada a shiga, to, a tsaya a gaɓa.