Daga Filin Jirgi Zuwa Masauki: Tafiyar Da Ba a Sa Ta Cikin Lissafi

SABON WUSE — Duk wanda ya zauna a Sabon Wuse, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, a watannin Maris da Afrilu na shekarar 2017, ba zai manta da jerin gwanon motocin safa da suka riƙa ratsa garin dare da rana tare da rakiyar 'yan sanda ba. A ranar 8 ga Maris ta wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta rufe filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da zirga-zirga zuwa Kaduna har zuwa 18 ga Afrilu. Cikin waɗannan makonni shida, fasinjan da tikitinsa ke ɗauke da sunan Abuja sai ya sami kansa a Kaduna, da sauran tafiyar kusan kilomita 200 a gabansa kafin ya ga ƙofar masaukinsa. Gwamnati ta ba da motoci kyauta, ta kuma zuba jami'an tsaro a kan hanya, amma duk da haka manyan kamfanonin jiragen Turai irin su British Airways da Lufthansa suka ce ba za su sauka Kaduna ba, sai kamfanin Habasha ne ya amsa kiran tun ranar farko.

Abin lura a nan shi ne, filin jirgin Kaduna an gyara shi, jirage kuma suna iya sauka lami lafiya. Babban abin da ya tsaya wa kamfanonin a rai shi ne tafiyar ƙasa da ke tsakanin filin jirgi da inda fasinja zai kwana. Sun ɗauke ta a matsayin wani sashe na tafiyar baki ɗaya, wanda in ya lalace, kome ya lalace. Mutanen Sabon Wuse da Suleja da Madalla sun ga wannan darasi yana wucewa ta ƙofar gidajensu, amma abin mamaki, da yawa daga cikinsu in tafiya ƙasar waje ta kama su, wannan sashe ne kaɗai ba sa yi wa tanadi.

Matafiya daga wannan yanki ba kaɗan ba ne. Akwai masu zuwa Umra, musamman a watan Azumi. Akwai 'yan kasuwar Suleja masu sarin kaya a Dubai da birnin Guangzhou na ƙasar Sin da Istanbul. Akwai kuma masu kai marasa lafiya Alƙahira ko Indiya. Kowannensu ya san kuɗin fasfo da na biza da na tikiti har zuwa kwabon ƙarshe. Ya san kuma yadda zai isa filin jirgin Abuja: zai yi shatar motar direban da ya sani tun jiya, a yi ciniki a gama, a fita da wuri saboda cunkoson Madalla da na Zuba, a bi ta Giri. Ba wanda zai yarda ya fito bakin titi da akwatunansa yana tsayar da mota ranar da jirginsa zai tashi. To amma wannan mutum mai tsantseni a gida, da zarar ya sauka a ƙasar da bai san harshenta ba, bai san kuɗinta ba, cikin dare kuma a gajiye, sai ya miƙa wuya ga duk wanda ya fara kama masa jaka.

A aikin Hajji wannan matsala ba ta cika tasowa ba, domin jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka da Madina tana cikin kuɗin kujera, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ce kuma ke shirya ta tare da hukumomin Saudiyya. Wannan ya sa wasu ke zaton Umra ma haka take. Mai Umra yana tafiya ne ta hannun kamfanin jirgin yawo ko kuma shi kaɗai, abin da aka rubuta masa a yarjejeniya kuwa shi ne kawai haƙƙinsa. Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa Makka tafiya ce ta kusan kilomita 100. Mutum ya sauka cikin harami, tun a jirgi ya ɗaura niyya, ga tsohuwa da ba ta iya doguwar tsayuwa, ga yara, ga kaya. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da ƙarfin ciniki, kuma direbobin da ke tare mutane a bakin ƙofa sun fi kowa sanin haka. Mai harami da aka umurta da kame bakinsa daga jayayya shi ne fasinja mafi sauƙin tatsa.

Shekarun baya, asarar da ke cikin wannan ba ta taka kara ta karya ba. Yau lissafin ya sauya. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a kowace dala. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, farashin gwamnati yana wajen naira 460 a dala. A cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Alal misali, in direba ya ƙara wa baƙo riyal 200 a kan kuɗin da ya kamata, a tsohon farashi naira 24,500 ke nan ko kusa da haka, amma a farashin 1,500 asarar ta kai naira 80,000, wato ta zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci yana iya salwanta a cikin minti biyar na ciniki a bakin filin jirgi, kafin matafiyi ya sha ko ruwan ƙasar.

Haka zalika, yadda ake riƙe kuɗin guzuri ma ya sauya. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin ya umurci bankuna su daina ba matafiya guzurinsu a tsabar kuɗi, sai ta kati ko wata hanyar lantarki. Wanda ya tashi daga Abuja da kati a aljihu, ba riyal ba dirhami, zai fara ne da neman na'urar cirar kuɗi ko kantin canji na filin jirgi, inda farashi ya fi na cikin gari tsada. Wanda kuma ya sayi dala a hannun 'yan canji, galibi takardun ɗari-ɗari ne a jikinsa, kuma fito da irin wannan takarda a gaban direban da ba a sani ba, tallar abin da ke cikin jaka ne. Motar da aka biya tun daga gida tana kawar da wannan duka: ba ciniki, ba neman canji, ba buɗe jaka.

Akwai kuma batun doka, wanda ba a cika faɗa wa matafiya ba. Hukumar sufuri ta Saudiyya ta tsananta kamen masu ɗaukar fasinja ba da lasisi ba a filayen jiragenta tun daga 2024. In an tsayar da irin wannan mota a hanya, direban ne zai sha tara, amma fasinjan ne zai tsaya a gefen titi da kayansa. In kuma hatsari ya auku ko an manta jaka mai ɗauke da fasfo a cikin mota, babu lamba, babu rasit, babu ofishin da za a kai kuka. Motar da otal ya aiko, ko ta kamfani mai rajista, tana da sunan direba da lambarta a rubuce kafin a shiga, kuma wannan rubutu shi ne ainihin abin da ake saye, ba laushin kujera ba.

Sai dai ba kowace tafiya ce ke bukatar shata ba, kuma ba daidai ba ne a tsorata mutane su kashe kuɗin da babu dalili. Ɗan kasuwar da ya yi shekara goma yana zuwa Dubai, da 'yar jakarsa ta hannu, ya san filin jirgin yana dab da unguwar Deira inda yake sauka, ya san jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2009 yana tsayawa a filin, ya kuma san tasi na hukuma masu mita suna layi a waje. Shata a wurinsa almubazzaranci ne. A Saudiyya ma jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina, yana da tasha a cikin sabon ginin filin jirgin Jidda, kuma ga mutum ɗaya ko biyu marasa nauyin kaya hanya ce mai sauri da tsabta. Amma akwai iyaka ga yawan kayan da ake shiga da su, tasharsa ta Makka kuma tana unguwar Rusaifa, da sauran tazara zuwa Harami, don haka sai an sake neman mota. Iyali mai mutum biyar ko shida in suka haɗa kuɗin tikitinsu da na motar ƙarshe, sau da yawa za su tarar mota guda da za ta kai su ƙofar otal ba ta fi tsada ba.

Inda tanadi ya zama dole shi ne inda harshe da waya suka yanke wa baƙo hanya a lokaci guda. Guangzhou ita ce babban misali. A ƙasar Sin, WhatsApp da taswirar Google ba sa aiki a kan intanet ɗin ƙasar, direbobi da yawa ba sa jin Turanci, sunan otal da aka rubuta da boko kuma ba lallai ne direba ya iya karanta shi ba. Baƙon da ya dogara ga cewa zai kira ɗan'uwansa da ke unguwar Xiaobei in ya sauka, yana iya yin awa biyu yana zagaye a filin jirgin Baiyun da waya a hannu kamar dutse. A lokacin baje kolin Canton kuwa, wanda ake yi a Afrilu da Oktoba, otal-otal da motoci duk cika suke yi. Istanbul ma tun da aka koma sabon filin jirgi a 2019 tafiyar zuwa tsakiyar birni ta ƙara tsawo sosai. Mai rakiyar marar lafiya zuwa Alƙahira ko Delhi kuwa, bai kamata ma a tsaya muhawara a kansa ba. Asibitin ko masaukin ya aiko da mota, a kuma faɗa musu tun da wuri in ana bukatar keken guragu.

Babban laifin a nan yana wuyan wasu masu shirya tafiye-tafiye. Kalmar “da mota” da ake ji a bakin ejan, ko ake gani a takardar talla, ba ta bayyana kome. Mota ce ta iyali ɗaya, ko safa ce da za ta jira sai jirage uku sun sauka ta cika? Daga Jidda zuwa Makka kaɗai, ko har da Madina da dawowa filin jirgi? In jirgi ya yi jinkirin awa shida, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saba tashi daga Abuja ko Kano, direban zai jira, ko kuɗin ya tafi ke nan? Matafiyi ya biya miliyoyin naira, amma waɗannan tambayoyi ba ya samun amsarsu sai ya sauka, lokacin da wayar ejan ta daina shiga. Tun daga watan Yunin 2025 hukumomin Saudiyya suka sa sharaɗin a tabbatar da masauki a manhajarsu ta Nusuk kafin a ba da bizar Umra, abin da ya nuna su kansu sun gaji da baƙin da ake zubarwa ba tare da shiri ba. Ya kamata Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, tare da ƙungiyarsu ta AHUON da ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta NANTA, su wajabta wa kowane kamfani ya rubuta kuɗin mota daban a rasit, da irin motar, da sunan kamfanin da zai ɗauka a can, da lambar wayar da ke aiki a ƙasar. Wanda ya karɓi kuɗin mota bai kawo mota ba, a tilasta masa ya mayar, a kuma sa abin cikin fayil ɗinsa ranar sabunta lasisi.

Shi ma matafiyi da nasa aikin. Otal ɗin da zai sauka shi ne wuri na farko da ya kamata ya tambaya, domin otal ba ya son baƙonsa ya ɓata a hanya, kuma akwai inda za a same shi in an saɓa alkawari. Lambar jirgi ake bayarwa, ba lokacin sauka kaɗai ba, don mai mota ya bi sawun jinkiri. A rubuta sunan masauki da adireshinsa da harshen ƙasar a takarda, a ajiye tare da fasfo. Wanda ya zo tarba kuma, shi ya kamata ya fara faɗin sunan baƙo. Baƙon da ya fara faɗin sunansa da na otal ɗinsa ya ba ɗan damfara duk abin da yake bukata. Ga masu biya ta intanet, wasu bankunan Nijeriya sun dawo da amfani da katin naira a ƙasashen waje a 2025 bayan dakatarwar da suka yi tun 2022, amma da ƙayyadadden adadi, don haka a tambayi banki kafin ranar tafiya.

A wannan ɓangaren kuma akwai kasuwa a kwance da direbobin Sabon Wuse ba su ɗaga ba. Abin da ɗan garin ke bukata a Jidda, shi baƙo ke bukata in ya sauka Abuja zai wuce Suleja ko Minna ko Kaduna, haka ma ɗan gari da ya dawo da kayan sari ƙarfe biyun dare. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direba ba ya iya zuwa filin jirgi da mota wayam yana fatan dace. Tafiyar da aka yi alkawarinta aka ba da kafin alƙalami ita ce ke biyan kuɗin mai. Direbobi goma da za su haɗa kai ƙarƙashin reshen ƙungiyarsu ta NURTW, da lambar waya guda, da farashi a rubuce, da rasit, da littafin da ke nuna wa ya ɗauki wa, za su iya ƙulla yarjejeniya da ejan-ejan na Suleja kafin Umrar Azumi mai zuwa, a sa kuɗin zuwa filin jirgin Abuja da dawowa cikin takarda ɗaya da na Jidda zuwa Makka.