MU ƘARU DA JUNA: Icce ma yana da makaminsa



Ran nan a ajin yaƙi da jahilci, wani dattijo ya tambaye ni: "Malam, icce ba ya gudu, ba ya duka. Ƙaƙa yake kare kansa daga tsutsa?" Ga amsa daga wata ƙasa mai nisa.

A arewacin Turai akwai ƙasar Finlanda, ƙasar sanyi da ƙanƙara. Can akwai wani icce mai farin ɓawo da ƙananan ganye. Da faransanci sunansa bulo, amma ba bulon gini ba. Kusan kowace shekara 10, tsutsar wani ƙwaro mai tashi da dare takan yi yawa, ta faɗa wa ganyensa.

A shekarun 1970, wani masani mai suna Erkki Haukioja da abokan aikinsa sun yi bincike a tashar Kevo. Sun yayyaga wasu ganye, sa'an nan suka ba tsutsa sauran ganyen iccen. Tsutsar ba ta girma da kyau ba. Ga dalili: in aka ji wa iccen ciwo, ganyensa yakan ƙara bauri, abincin da ke ciki ya ragu. Baurin dangin na bagaruwa ne, wadda majema ke jima da ita. Har shekara ta kewayo, ganyen bai yi wa tsutsa daɗi ba. Ƙwaron ya fito ƙarami, ya yi ƙwai kaɗan.

Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1965 tsutsa ta cinye babban yanki na dajin Utsjoki, itatuwa da yawa suka bushe. Bulo yana da dabara ta biyu: yakan yi toho daga gindi. Sai dai mutanen Sami na wurin makiyaya ne, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho rassa-rassa. Inda garke ya yawaita lokacin toho, dabbobi suka cinye shi. A wurare da yawa daji bai dawo ba.

To, jama'a, icce yana iya fama da maƙiyi guda. Biyu sun fi ƙarfinsa. Haka kututturen kalgo da sabara da gawo yake a gonakinmu. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suka soma barin tohon, suka ga amfani. In ya fito, ku zaɓi rassa masu ƙarfi, ku kewaye su da ƙaya saboda awaki. Sauran aikin, iccen zai yi da kansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Malamin yaƙi da jahilci