Waiwaye: Fita Cin Abinci a Jos da Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Duk uwar da Allah Ya ba yaro mai ƙiriniya ta san cewa fita da shi cin abinci a waje aiki ne, ba hutu ba. Wasu na zaune suna hira suna jiran a kawo musu faranti, ke kuwa idonki na kan yaro. Ya hau kujera, ya sauka, ya leƙa madafa, ya taɓa gishirin teburin wasu, ya kifar da ruwa. Ga idanun jama'a a kanki, kowa da hukuncin da ya yanke a ransa, mafi sauƙi a ciki shi ne a ce an sangarta shi. Na daɗe a cikin wannan hali da ɗana na biyu a nan Jos. Yanzu ya girma yana sakandare, kuma mata kan tare ni a wajen biki ko a Islamiyya su tambaye ni yadda muka yi.

Malamarsa ta firamare ce ta fara ba mu shawarar ganin likita. Likitar yaran da ta duba shi ta ce yana da larurar da suke kira ADHD, wato rashin natsuwa da yawan motsi da saurin aikata abu ba tare da tunani ba. Ta ce kimanin yara biyar cikin ɗari a duniya suna da ita, kuma tana yawan bin jini. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Ta tsara mana barci a kan lokaci, da yadda za a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, da abin da za a gaya wa malamansa. A ƙarshe ta ce mu gwada cire masa kalar abinci da sinadarin hana lalacewa na 'yan makonni, mu riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya wuni. Ta ja kunnena cewa wannan yana taimakon wasu yaran, wasu kuma ba ya yi musu komai.

Wannan shawara tana da tarihi. A 1973 wani likitan yara a San Francisco ta Amurka, Benjamin Feingold, ya fito ya ce kalolin da masana'antu ke zuba wa abinci da kayan ƙamshi na roba suna ƙara wa yara ƙiriniya. Iyaye suka rungumi maganarsa, amma gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su samu irin gagarumar nasarar da ya ambata ba. A 1982 wani taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya ce yara ƙalilan ne tsarin ke yi wa amfani. Maganar ta sake tashi a 2007, lokacin da masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila suka buga sakamakonsu a mujallar The Lancet. Sun shayar da yara kusan 300, 'yan shekara 3 da 'yan shekara 8 zuwa 9, wani lokaci abin sha mai kala da sinadarin benzoate, wani lokaci marar komai, ba tare da yaran ko iyayensu sun san wanne ne wanne ba. An ga ƙarin motsi da rashin natsuwa a makonnin kala, ba mai yawa ba, amma akwai shi. Saboda haka tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk abincin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin kaloli shida: E102, E104, E110, E122, E124 da E129.

A gida abin bai ba ni wahala ba, kuma a nan dole in gode wa Allah da Ya ajiye ni a Jos. Ki je kasuwar Farin Gada da sassafe ki ga kabeji da karas da koren wake da latas an zube su da raɓarsu. Dankalin Turawa yana zuwa daga Bokkos da Mangu. Ga acca, wadda muka koyi yin gwatenta daga maƙwabtanmu Birom, a zuba yakuwa da alayyafo da gauta. Feingold ya hana har da tumatir da lemo da tufa saboda wani sinadari na halitta da ke cikinsu, amma likitarmu ta ce kada mu bi wannan ɓangaren, kuma ban ga dalilin raba yaron Jos da tumatir ba.

A waje ne aikin yake. Gidajen abinci na zamani da ke tsakiyar gari, masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, su ne yara ke so, kuma su ne suka fi wuyar sha'ani. A ɗaya daga cikinsu na taɓa nuna soyayyar shinkafa da ta yi rawaya shar, na tambayi yarinyar da ke zubawa ko kori ne kawai ko an ƙara kala. Ta ce, "Wallahi Hajiya ban sani ba, a baya ake dafawa, mu zubawa kawai muke yi." Gaskiya ta faɗa, ban kuma ga laifinta ba. Mai dafawar yana can ciki, shi ma kayan haɗin a leda suke zuwar masa. Tsakanin bakin yarona da wanda ya san abin da ke cikin tukunya akwai mutum uku ko huɗu, kuma babu wanda zan iya kama hannunsa in tambaya. A irin waɗannan wurare abin da muke saya bai wuce farar shinkafa da gasasshiyar kaza da soyayyen dankali ba, sai ruwa.

Inda na samu kwanciyar hankali shi ne wajen wata dattijuwa mai masa a bakin wani layi da ke kusa da Babban Masallacin Juma'a. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tanda a kan murhu, ƙullu a roba a gefenta, man gyaɗa a kwalba. Komai a fili yake. Ranar farko na ce, "Inna, don Allah me da me ke cikin ƙullun nan? Yaron nawa ba komai yake ci ba." Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Shinkafa ce, 'yata, da albasa, da yis, da ɗan sukari da gishiri. Miyar ce dai na sa magi, in ba kya so a ba shi da ƙuli." Daga nan duk ranar da ta hango mu sai ta ware masa nasa. Wani abin da ban yi tsammani ba, yaron da ba ya iya zaman minti biyu a kujerar gidan abinci sai ga shi tsugune yana kallon yadda take zuba ƙullu a kowane gurbi, tana jira gefen ya yi ja, ta sa cokali ta juya. Har ƙirga mata yake yi. Ita kuma ta kan ce, "Maigidana, wanne ya nuna?" sai ya nuna da yatsa. Jira ne ke tayar masa da hankali, a nan kuwa jiran ya zama kallo.

Haka muka yi da mai tsire. Na roƙe shi ya gasa mana 'yan tsinke da gishiri da ƙuli kawai, ba tare da jan yajin da ya haɗa ba. Ya ce, "An gama, Hajiya." Mai shayi ma haka: ƙwai da albasa, a gabanki zai fasa. Matan Fulani masu fura da nono za su gaya miki abin da suka zuba in kin tambaya da mutunci. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda za a tambaya, kuma a bakin titi akwai shi.

Kada dai a ɗauka duk abin da ke da sunan gargajiya lafiyayye ne. Zoɓo da kansa ja ne, ba ya buƙatar taimakon kowa, amma yawancin na ƙullin leda da na gora an zuba masa garin lemo mai kala da filebo. Jan kilishi sau da yawa ba barkono ne kaɗai ya ja shi ba. Manja ma akwai marasa tsoron Allah da ke zuba masa rini don ya yi kyan gani, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Waɗanda suka yi wayo a zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, suna tuna yaƙin da ta yi da masu sa bromate a burodi. Ma'aunina dai ɗaya ne: ko na ga yadda aka yi, ko na samu wanda ya yi ya gaya mini.

Abin kwalba da na leda kuwa, sai karatu. Na koyi juya kwalba in duba ƙananan rubutun nan, in nemi lambobin da na ambata, ko sunayen Tartrazine da Sunset Yellow, ko E211 na benzoate. A watan Maris na 2017 wata babbar kotu a Legas ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin da ke yin Fanta da Sprite ya rubuta gargaɗin kada a sha su tare da bitamin C. Shari'ar ta samo asali ne daga wani ɗan kasuwa da ya kai lemon zuwa Ingila, hukumomin can suka ƙwace saboda yawan sinadaran da ke ciki ya wuce ƙa'idarsu. Kamfanin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya sun ce adadin bai wuce abin da dokar Najeriya ta amince da shi ba. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, abin da uwa a Landan ake gaya mata a jikin kwalba, uwa a Jos sai ta nemo da kanta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da alherin mutane. Mu al'umma ce da ke nuna ƙauna da abin baki. A gidan suna a miƙa wa yaro lemon kwalba, a yawon Sallah a cika masa aljihu da alawa da cingam, mai shago ya ba shi minti kyauta. Ki ce a'a, a ce kina da iyayi, ko kina ƙyamar abin hannun mutane. Wadda ta fi jin ciwon abin ita ce kakarsa, mahaifiyar maigidana. Wata rana ta ce mini, "Yanzu ni ba zan ba jikana alawa ba? Ubansa ma haka ya yi ƙiriniya, ga shi nan ya zama mutum." Na durƙusa na ce, "Hajiya, ba hana ki nake yi ba. Likita ce ta ce mu gwada. Dabino da aya da gyaɗa da rake duk yana ci, kuma daga hannunki ya fi son su." Ta yi shiru. Zuwanmu na gaba muka tarar ta sa an yi masa alawar madara a gida da kantun riɗi, ta ajiye a samira ta ce kada kowa ya taɓa na maigidanta. Daga ranar ita ce ke tare masa faɗa a gidan biki, kuma maganar da in na faɗa za a ce iyayi ne, in ta faɗa sai a ce to. Duk mai shirin bin wannan hanya, ta fara da shawo kan manyan gida kafin ta fara da yaro.

Akwai dabarun da ba su shafi abin da ke cikin faranti ba. Ba na fita da shi da yunwa. Mukan je kafin wuri ya cika, mu zauna kusa da ƙofa don in ya gaji mu fita mu dawo. In ranar hutu ce mukan fara kai shi gandun namun daji na Jos ya yi gudu ya gaji, sannan a zauna cin abinci. A jakata kullum akwai gorar zoɓon da na dafa da citta da abarba, don kada sauran yara na sha shi yana kallo. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurina, domin yaron da kullum ake tsawata wa bai kamata a ƙara masa da jin cewa shi daban ne a kan tabarmar cin abinci ba.

Me tsarin ya yi mana? Littafin da na riƙa rubutawa ya nuna cewa ranakun da ya sha abin sha mai kala, barcinsa da natsuwarsa sukan lalace fiye da kullum. Magi kuwa ban ga ya canza komai ba, na ci gaba da rage shi ne kawai don daddawa ta fi mini daɗi. Sukari ma, wanda kowa ke ɗora wa laifi, wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 1995 bai samu hujjar cewa yana sa yara ƙiriniya ba, ko da yake haƙora sun ishe mu dalilin rage shi. Cire kala bai warkar da ɗana ba. Ya rage masa nauyi ne, sauran aikin kuma barci da haƙurin malamai da bin shawarar likita suka yi. Na san yaran da aka cire wa komai ba a ga bambanci ba, sai da aka haɗa da magani. Don haka kada wata ta karanta wannan ta dakatar da maganin da likita ya rubuta, ko ta takura wa yaro har ya rame. A kai shi a duba shi tukuna, ga asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo.

Ina roƙon NAFDAC ta wajabta gargaɗin nan na kaloli shida a jikin kayan ci da sha na yara, da manyan baƙaƙe, da Turanci da Hausa da sauran harsunanmu. Masu gidajen abinci na Jos kuma, don Allah ku sanar da yaran da ke zuba abinci abin da ke cikin tukunya, domin in uwa ta tambaya ta samu amsa.