Batir ba ya magana, sai an sa masa ma'auni

Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Maijirgi, ko ya ratsa daga Mayahi ya nufi Kanambakashe, ya ga yadda farantan hasken rana suka hau rufin shaguna da zaurukka. Pano dai kowa na ganinsa, har ana alfahari da shi. Batir kuwa yana can ƙarƙashin tebur ko bayan ƙyaure, ƙura ta lulluɓe shi, ba mai waiwayarsa sai ran da ya mutu. Alhali shi ne ke cin kuɗi. Pano mai kyau yana iya shekara 20 yana aiki, amma batir na dalma da asid, in ba a kula da shi ba, da wuya ya ga damina biyu. Magidancin da ya saida wake da gujiya ya saye shi a kaka, sai ka same shi baɗi war haka yana neman bashin wani sabo.

Abin bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, mu mutanen wannan yanki. A Tasawa aka haifi Farfesa Abdu Mumuni Jofo a shekara ta 1929, mutumin da ya jagoranci ma'aikatar ONERSOL mai binciken makamashin rana daga 1969 zuwa 1985, wanda jami'ar Yamai ke amsa sunansa. Kuma mun ga abin da ya faru cikin watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke kuran ɗin da ke shigo mana, har da layin Katsina zuwa Gazawa, ba a maido ba sai a 2024. A wannan tsakani har ƴan birni masu kwantar NIGELEC suka koma ga pano da batir, balle mutanen Urafan ko Isawan.

Dabarar da nake son mu duba a yau, a wani wuri mai nisa ta yaɗu. A filayen wasan golf na Amurka da Turai akwai ƴan ƙananan motoci masu tafiya da lantarki. Yawancinsu batir 6 ake jera musu, ko masu bolt 6 a samu 36, ko masu bolt 8 a samu 48. Da yake ba tankin esansi balle a leƙa, masu su kan maƙala ɗan ma'auni a gaban direba, don kada motar ta mace a tsakiyar fili. Irin waɗannan batura masu jure doguwar zuƙa su ne ake so a aikin sola, kuma cutarsu ɗaya ce, ko a can ko a Korgom: barin batir ya sauka ƙasa da rabi kullum, ya kwana a haka. Idan hakan ya yawaita, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke ciki, ya hana su karɓar caji. Shi ne za ka ji mutum na cewa batir ɗinsa ya cika da hantsi amma kafin lisha ya ƙare.

Ma'aunin nan ɗan ƙaramin abu ne mai nuna lambobi, bai kai akwatin ashana biyu ba, wayoyinsa biyu, ja da baƙa. Jar tana zuwa kan da ke da alamar ƙari, baƙar kuma kan mai alamar ragi. A ɗaura su a kan batir ɗin kansa, kada a ƙarshen wata doguwar siririyar waya da ta zagaya ɗaki, don a hanya ƙarfi yakan zube, ma'auni ya faɗi abin da ba shi ne ba. A kan jar wayar, dab da batir, a sa ƙaramin fizibil na ampar 1 ko 2. Na san masu haɗi da yawa suna raina wannan, amma batir mai bolt 12 ma yana iya narka waya ya tada gobara cikin ɗakin kara. A ƙara ɗan maɓalli, domin ma'aunin shi ma yana shan nasa kaɗan dare da rana. Kafin a fara, a cire zobe da agogon ƙarfe, a naɗe kile da tsumma, kuma mai taba ya fita waje, saboda batir mai caji yana fitar da iska mai kama wuta.

Wanda ya jera batir biyu don samun bolt 24, sai ya fara duba ko ma'auninsa na ɗaukar hakan, sannan ya kama kan ƙari na batir na farko da kan ragi na na ƙarshe. A nan ma in ja kunne: jawo waya daga batir ɗaya cikin jerin don kunna rediyo ko ampul yana sa ɗayan ya riga ɗan'uwansa tsufa, daga baya ya ja shi su mutu tare.

Sa ma'auni abu ne mai sauƙi, karanta shi ne ke son hankali. Da tsakar rana, lokacin da pano ke turo wuta, za a ga 13,5 har 14,4. Wannan lambar ta pano ce, ba ta nuna abin da ke cikin batir. Haka in tele da fanka suna kunne, lamba takan faɗi ƙasa da gaskiya. Lokacin da batir ke faɗin gaskiya shi ne bayan ya huta, ba a zuba masa ba a ɗiba. Mafi dacewa da asuba, an kashe kome tun da dare, rana ba ta taɓa pano ba. A wannan hali 12,7 cikakke ne, 12,4 kamar kashi uku cikin huɗu, 12,2 kuwa wajen rabi. In ana yawan wayar gari da 12,0 ko ƙasa, to batir yana cin jikinsa. Mai bolt 24 sai ya ninka waɗannan lambobi biyu. Duba yadda tazarar take: rabin bolt kacal ke tsakanin cikakke da rabi. Shi ya sa ƴan fitilun nan uku na regilatar, kore da rawaya da ja, ba su wadatar ba. Kafin ja ta kama, an riga an yi ɓarna.

Mu ɗan yi lissafi. Batir mai bolt 12 da aka rubuta masa 100 Ah yana ɗauke da wat 1200 na awa guda, rabinsa 600 shi ne halaliyar mai gida. Tele mai wat 60 ta yi awa 4, an ci 240. Ampul uku masu wat 5 su yi awa 5, an ci 75. Fanka mai wat 40 ta kwana tana juyi awa 8 a zafin Afrilu, an ci 320. Jimla 635, har an ƙetare iyaka, ba a ma sa salular maƙwabta ba. Wanda ke da ma'auni zai ga haka da idonsa da safe, ya san ko dai a rage hira gaban tele, ko a ƙara pano, ko a goge ƙurar hunturu da ta rufe wanda ke akwai.

Zafi ma nasa ne. Masu ƙera batir suna lissafin rayuwarsa a kan digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana kusan raba ta biyu. Mu da ke haura 40 a bazara, ajiye batir cikin shagon kwano rufe ruf zalunci ne ga aljihu. A ɗora shi bisa katako, a inuwa, inda iska ke ratsawa. In mai murfi ne, a duba ruwansa kowane wata, a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya yana da gishiri, asid kuma ba a ƙara shi.

Ina fata magadan gari da kwamitocin da ke kula da gidajen likita na karkara za su ɗauki wannan magana. Inda firigon allurar rigakafi ya dogara da batir, ya kamata a ce akwai ma'auni a bango da ɗan littafi da ake rubuta lambar kowace asuba, kamar yadda ake rubuta sanyin firigon. Lambar da ke raguwa kaɗan kaɗan mako bayan mako tana ba da lokacin kiran mai gyara kafin magani ya lalace.

Sababbin batura na litiyom da suka fara shigowa kasuwar Maraɗi daban suke. Ƙarfinsu yana tsayawa kusan wuri ɗaya daga cika har gab da ƙarewa, don haka lambobin da na bayar ba nasu ba ne. Su suna bukatar ma'auni mai ƙidayar abin da ya shiga da abin da ya fita, wanda ake ratsawa a kan baƙar waya, a kuma gaya masa girman batir kafin ya fara aiki. Mai saye ya tambayi ɗan kasuwa wane iri ne a hannunsa tun kafin ya biya.