Kafin a sake gina mama, a fara sanin ko za a yi gashin kansa

Matar da aka ce za a cire wa mama saboda kansa takan ji sanyi idan likita ya ce ana iya sake gina mata wani a tiyata ɗaya. Amma akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan albishir: bayan tiyatar, za a yi mata gashi da na'ura ko ba za a yi ba? Amsar ce ke nuna irin ginin da zai ɗore.

Gashi yana kashe ragowar ƙwayoyin cutar a ƙirji da hammata, sai dai ba ya barin lafiyayyen nama yadda ya same shi. Fata takan yi tauri ta tsuke, ƙananan jijiyoyin jini su ƙuntata, rauni ya daɗe bai warke ba. Idan robar silikon aka dasa, jiki dama yakan lulluɓe ta da wani siririn tabo. Gashi kan sa tabon ya yi kauri ya matse robar, mama ya taurare, ya ɗage sama, ya riƙa ciwo. Wani lokaci ɗinkin ya buɗe ko wurin ya ruɓe, dole a ciro robar.

Wani bincike da Dakta Reshma Jagsi, wadda a lokacin take Jami'ar Michigan a Amurka, ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya bi mata fiye da 2,000 tsawon shekara biyu. A cikin waɗanda aka yi wa gashi, ginin ya lalace gaba ɗaya ga kusan kashi 19 cikin 100 na masu roba, amma ga waɗanda aka gina wa da naman jikinsu, kashi 1 ne kacal. Naman da aka ɗebo daga ciki ko baya yana zuwa da jininsa, shi ya sa ya fi jurewa, ko da yake shi ma yana iya motsewa ko kitsensa ya dunƙule. Tiyatarsa ta fi tsawo da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ƙwararren da ya iya ta ba.

Wannan magana ta fi shafar matan Najeriya, domin akasari sai cutar ta yi nisa ake zuwa asibiti, ƙari ya girma ko ya kai ga kaluluwar hammata. Irin waɗannan ne aka fi rubuta wa gashi. Ga shi cibiyoyin gashin ba su da yawa, layi kuma da tsawo. Idan raunin sabon mama ya ƙi warkewa, za a ɗage gashin, cutar kuwa ba ta jira. Gudun gashi don kare siffar mama ciniki ne na asara, tunda an tabbatar yana rage dawowar cutar da mace-mace ga matan da ta kai wa kaluluwa.

Don haka bai dace likitan tiyata ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Shi da likitan gashi da likitan gyaran jiki su duba matar tare kafin ranar tiyata, a gaya mata gaskiya da harshen da take ji. Idan gashi ya zama dole, jinkirta ginin ba rasa shi ba ne. Likitoci da dama kan jira wata shida zuwa shekara bayan gashin ƙarshe, fata ta huce, sannan su gina da naman jikinta.